Kwana Huɗu a Garin Ƙatuwar Fara

Shekara ashirin da uku ina yawo da baƙi a Landan, ni kuwa ba a taɓa yawo da ni ba sai bara waccan, kuma 'yar cikina ce ta yi.

Tuƙi ne aikina. Ina jan motar wani Alhaji mutumin Kano, mai gida a nan wanda ba ya kwana a ciki sai wata biyu a shekara. Sauran watannin baƙinsa ke zuwa, surukai da abokan kasuwanci da 'ya'yan abokai da aka kawo karatu, kuma duk wanda ya sauka ni ake danƙa wa shi. In kai su su ga babban agogo, in kai su ƙofar fada su jingina da ƙarfe a yi musu hoto, in kai su gadar nan mai buɗewa. In sun gaji in zube su a kantuna, ni kuma in yi ta zagaye wajen Aldwych a bayan bas, don babu inda mutum zai tsaya. Hotunan da na ɗauki mutane a garin nan sun isa su cika ɗaki, ba na cikin ko ɗaya. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, amma na sha yi wa masu digiri bayanin tarihin Ingila suna gyaɗa kai. Rabin abin da nake faɗa a cikin motar nake ƙirƙiro shi, har yau ba wanda ya kama ni.

'Yata ta fari nas ce. Tana da shekara huɗu muka taho da ita, a Catford ta girma, a flat ɗinmu na council, irin gidajen hayar gwamnati, hawa na huɗu. Rana ɗaya ta shigo ta ce ta samu aiki a Kanada. Na ɗauka ɗaya daga cikin manyan biranen da ake ji ne. Ashe wani ɗan gari ne can tsakiyar ƙasar, a bakin kogi, gonar alkama ta kewaye shi ta ko'ina. Ta ce shekara biyu kawai za ta yi. Shekara biyun ta cika, sai asibitin suka ce suna so ta zauna dindindin, ta ba su amsa ranar wata Litinin. Ita kuma ta kira uwarta ta ce Baba ya zo ya gani da idonsa: in ya ce ta zauna za ta zauna, in ya ce ta dawo za ta dawo.

Ni tun kafin a yi min booking na gama yanke hukunci. Dawowa za ta yi. Uwarta ciwon gwiwa ya hana ta sakat, kuma hawa huɗu ba wasa ba ne. Ƙannenta biyu maza ne, in sun shigo gida firij kawai suka sani. Waɗannan su ne dalilan da nake faɗa wa mutane. Na gaskiyar shi ne ba na son wucewa ta ƙofar ɗakinta in gan shi a rufe.

Ranar da zan tafi, uwarta na cusa min kuka da daddawa a gefen jaka, ta ɗago ta dube ni.

"Malam, gani aka ce ka je ka yi, ba faɗa ba."

"Wa ya ce zan yi faɗa?"

"Fuskarka."

"Haka Allah ya yi ta."

"To ka bar ta a nan, ka ari wata a filin jirgi."

Sai dai akwai wani abu tsakanina da yarinyar nan. Ni ɗan fari ne a gidanmu. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa wani, "Ina wancan?" In na yi abin kirki sai ya kau da kai ya yi gyaran murya. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka taso muka tarar. Ni ma haka na riƙe tawa. Ƙannenta ina kiran sunansu, ina zaginsu, ina kokawa da su a falo. Ita kuwa "ke" ce. Ban taɓa yaba mata a gabanta ba. Na ɗauka ta san dalili, ban tsaya na tambayi kaina wa zai gaya wa yarinyar da ta tashi a Catford ba.

Jirgi biyu na hau, babba da ƙarami, sannan ta ɗauko ni a motarta muka yi tafiyar awa biyu. Rabona da zama a gefen direba na manta, ƙafata sai taka birkin da babu take yi. Hanya miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare. Babu tudu, babu dutse, bishiya ma sai ka yi nisa ka ga ɗaya. Alkama a dama, a hagu wani tsiro mai furen ruwan ɗorawa da suke yin mai da shi, sauran duk sama ce.

"Baba, ka ga sararin nan? Ba kyau?"

"Ina mutanen?"

"Suna nan."

"A ƙarƙashin ƙasa?"

Ta yi dariya. Hausarta tana nan, sai dai rabin maganar da Turanci take cike ta, irin ta yaran Landan.

Washegari Juma'a ta fito da wata takarda mai hotuna wadda ofishin baƙi na garin ke rabawa. Abubuwan kallo guda tara. Ta bi su da biro ta raba su kwana uku, har da lokutan sallah ta saka. Na karɓa na duba. Na takwas shi ne tankin ruwan garin. Na tara shi ne ofishin da ke raba takardar.

"Ke, ni fa sana'ata ke nan. Duk garin da ya sa tankin ruwa a jerin abin kallo ba shi da komai."

"Ka bari ka gani tukuna."

Na farko a bakin hanyar shiga gari yake. Tun daga nesa na hango wani abu kore da dogayen ƙafafu a tsakiyar ciyawa. Muka fito, na zagaya shi sau ɗaya. Tsawonsa ya kai na bas, an yi shi da ƙarfe an shafe da fenti, har da gashin baki.

"Wannan fa?"

"Fara ce, Baba."

"Na ga fara ce. Me ta yi musu?"

"A zamanin kakanninsu ta zo ta cinye musu gonaki kaf."

"Ta cinye musu gona, shi ne suka yi mata gunki?"

"Don su riƙa tunawa."

"Mu in ta ci gonarmu, mu ma cin ta muke yi. A soya ta, a barbaɗa yaji, a zuba a takarda. Su sun ɗauki ɓarawo sun ajiye shi a ƙofar gari yana tarbar baƙi."

Ta ce in tsaya ta yi min hoto. Na ce ba na so. Ta ce uwarta ce ta ce lallai. Na tsaya a ƙarƙashin cikin farar, hannu a baya. Ni da na ɗauki manyan mutane hoto a ƙofar fadar Ingila, hotona na farko a wurin kallo a gindin ƙwaro aka yi shi. Kafin mu koma mota ya isa Kano, har an fara turo dariya.

Na zo da hujjoji a aljihu, babbar cikinsu ita ce babu masallaci. Da azahar ta kai ni bayan wani kantin magani, muka hau bene. Ɗaki ne da darduma, sahu biyu bai cika ba. Likitoci ne yawancinsu, da wani mai gyaran tirakta. Ladaninsu ya yi tafiya, suka ga furfura, suka tura ni gaba. Na kira sallah a Kanada. Muryar ba ta fita yadda nake so ba, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Da muka sauko ta tambaye ni yaya, na ce matakalar ta yi tsayi.

Da yamma muka bi hanyar ƙafa da aka shimfiɗa a bakin kogin, muka hau wata gadar katako mai lilo. Kogin ba shi da faɗi sosai, ruwansa jaja-jaja, yana tafiya a hankali. Wasu fararen tsuntsaye masu ƙaton baki suna zaune a kan yashi. Sauro kuwa, wallahi na Kano ƙannensu ne. Wannan na faɗa da ƙarfi, don a rubuta.

Asabar ita ce ranar rumbu. Gini ne na katako a gefen layin dogo, ja, ya fi komai tsawo a garin. A da nan manoma ke kawo hatsi a zuba a jirgin ƙasa. Yanzu an daina, an mai da shi gidan kayan tarihi. Mahaifina rumbu uku gare shi, in ka haɗa su ba za su cika ƙofar wannan ba. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi.

Wata tsohuwar Baturiya ce ke tsaron wurin, ƙarama, da tabarau a wuya. Tana ganin 'yata ta baro tebur ta rungume ta kamar jikarta. Sannan ta shiga gaba tana nuna mana kaya a cikin gilashi, ni kuma ina ta kallon kayan ina kallon ta. Fitilar ƙwai. Lauje. Garmar shanu. Keken ɗinki na ƙafa. Dutsen guga na gawayi.

"Ke, gaya mata in ta je ƙauyenmu za ta tarar da gidan tarihinta duka yana aiki."

"Baba, ba zan faɗa ba."

Tsohuwar ta ɗauko dutsen gugar tana bayani wai ruwan zafi ake zubawa a ciki. Nan na kasa haƙuri. Na karɓa na buɗe murfin, na nuna mata ƙofofin iska na gefe, na ce wa ke zuba ruwa a abin da ke da huda. Na nuna mata yadda ake zuba garwashi, yadda ake lilo da shi a iska wutar ta tashi, yadda ake goge gindin a tsumma kafin a ɗora wa farar riga. Na yi shekara biyu ina guga a Fagge kafin in koyi mota. Ta riƙe baki. Ta ce shekara da shekaru tana gaya wa baƙi ƙarya. Na ce kada ta damu, sana'ar ta gaji haka. Ta ɗauko takarda ta rubuta duk abin da na faɗa.

Daga nan abin ya ɓaci. Ta kama hannun rigata ta ce mijinta ya yi wata uku a asibiti kafin ya rasu, kuma yarinyar nan ce ke zama da shi in ta tashi aiki, tana aske masa gemu. Ta ce garin nan gaba ɗaya ba sa so ta tafi. Sannan ta dube ni ta ce lallai ina alfahari da ita.

'Yata na tsaye a gefe. Na ji idonta a kaina. Amsar tana bakina, amma a gabanta ne, kuma a gaban baƙuwa. Na ɗaga kai na dubi rufin, na tambayi tsohuwar ko yana yoyo da damina.

A bakin ƙofa akwai littafin baƙi. Gurbi uku: sunanka, daga ina, wurin wa ka zo. Na rubuta sunana, na rubuta Landan. A na ukun na ja layi. Na miƙa biron, na ga 'yata tana kallon layin.

Muka wuce kallon ɓauna. Rabin awa a kan hanyar tsakuwa, muka tsaya a jikin shingen waya. Ta ce ga su can. Na ce ina. Ta ba ni abin hangen nesa, na ga wasu baƙaƙen ɗigo a ƙarshen duniya. Wai namun daji ne na ƙasar, an kusa ƙarar da su, shi ne ake tsaron sauran.

"Ana tatsar su?"

"A'a."

"Ana noma da su?"

"A'a, Baba."

"To sun ji daɗinsu."

Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Abin da ya fi ci min rai a garin ba ya cikin takardar. Ba ma yin taku goma sai an gaishe ta. A kasuwar manoma wata ta cusa mata kwalbar zuma ta ƙi karɓar komai. A danja wani mai ƙatuwar mota ya sauke gilashi ya nuna mata hannunsa ya warke. Yara na ɗaga mata hannu, da mayafinta da komai. Ni maƙwabcina na Catford shekara goma sha huɗu muna haɗuwa a matakala, har yau "mate" yake ce min, don bai san sunana ba. Ni ma ban san nasa ba, amma ni ina da dalili, ba ya gaisuwa.

Lahadi muka gama da tankin ruwa, wanda tanki ne, sannan muka nufi jirgin fito. Wannan kam na yarda abin kallo ne, a raina. Faffaɗan ƙarfe ne kamar tire, mota huɗu yake ɗauka, igiyar ƙarfe ke jan shi daga wannan gaɓa zuwa waccan. A can ƙetaren babu komai sai hanya da gona. Mutane na hayewa ne su juyo su dawo. Mu kaɗai ne a kai. Ta kashe mota, ruwa na bugun ƙarfen a hankali, na tuna fiton kwalekwale da muke yi a Wudil ina yaro, ranar kasuwa, da akuya a tsakanin ƙafafuna. Har na buɗe baki zan ba ta labarin, sai ta riga ni.

"Baba, na gane. Na rubuta wa asibitin takarda. Gobe da safe zan tura, zan dawo gida."

Hannunta biyu na kan sitiyari, tana kallon gaba.

"Kwana uku ina zagayawa da kai, ba ka ce abu ɗaya ya yi kyau ba. Matar nan ta yi maka magana a kaina, ka tambaye ta rufi. Ko sunana ba ka iya rubutawa ba. It's fine. Tun ina firamare haka ne. Ranar da na karɓi kyauta a makaranta iyayen kowa na tafi, kai kana duba agogo. Na ɗauka in ka ga nan da idonka... Shi ke nan. Zan dawo."

Na tuna ranar. Agogon nake dubawa don kada a ga idona. Amma wannan ba maganar da uba ke yi wa 'yar fari ba ce. Na nemi abin faɗa, abin da ya fito shi ne:

"Ki ja birkin hannu, a kan ruwa muke."

Ta ja.

To, ga shi na samu abin da na zo nema, ban ma buɗe baki na roƙa ba. Bayan la'asar na ce zan ɗan taka, na je na zauna a benci a bakin kogin, sauro na cin rabonsu. Can na hango ta ta fito sayen madara, ba ta gan ni ba. Tana tafe a hankali, kai a sama, tana kaɗa leda. Na san tafiyar yarinyar nan a Catford: sauri, kai a ƙasa, makulli a dunƙule a hannu tun daga tashar bas. Ban taɓa sanin tana da wata tafiyar ba. Na zauna har ta shiga kantin ta fito, har ta tsaya tana wasa da karen wani tsoho, abin da da a gabana ne sai na yi magana.

Litinin da safe muna karyawa, kwamfutarta a buɗe kusa da kofin shayi, takardar na kan allo. Jirgina da yamma ne. Na ce a raina yanzu zan faɗa. Na yi gyaran murya. Ta ɗago. Na ce ta miƙo sukari. Na sake yin gyaran murya, na ji muryar mahaifina ce ta fito sak. Wallahi na gwada. Harshen ya ƙi.

Sai na ɗauko waya na kira uwarta, na sa a lasifika na ajiye a kan tebur. A Landan azahar ta yi.

"Malam, lafiya? An yi cancel ɗin jirgin ne?"

"Lafiya lau. Saƙo zan ba ki. Ki gaya wa 'yarki ta zauna. Garin ya yi. Mutanen sun san darajarta. Kada ta tura takardar nan."

Yarinyar ta tsaya da wuƙar bota a hannu.

"Ina take?"

"Ga ta nan tana shafa wa burodi bota."

"Tana gabanka, ni da ke Catford ce zan gaya mata?"

"Ke ce uwarta."

"Ni ma ai ta farina ce. Kai kaɗai aka haifa da kunya? Tsaya in kira gwaggonta."

Ta kashe. Gwaggon ƙanwata ce, tana da shagon atamfa a Peckham, kuma tun tana yarinya ba a taɓa samun maganar da ta yi mata nauyi a baki ba. Muka zauna. Na sha shayi. 'Yata na kallona kamar yau ta fara ganina. Ba a yi minti uku ba wayarta ta yi ƙara a ɗaya gefen teburin. Ita ma ta sa a lasifika. Hayaniyar Rye Lane, titin shagonta, ta cika kicin ɗin, har ana jin bas na huci.

"'Yata! Ubanki ya ce wa uwarki ta ce min in ce miki ki zauna. Kin ji? Madam, wannan yadi shida ne, ba a yankawa. Ke, kina ji na?"

"Ina ji, Gwaggo."

"Ya ce garin ya yi. Uwarki ta ce wai kina fushi ba ya kiran sunanki. Ke ma sakarya ce, duk karatun nan? Ba ki san ba a kiran sunan ɗan fari ba? Kakanki har ya mutu 'wancan' yake ce masa. Wanda aka fi ji da shi, shi ake jin kunya. Mutumin da ya ishe mu da labarinki! Hotonki na gama makaranta yana cikin aljihun motar Alhaji, duk baƙon da ya shiga sai an nuna masa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Wata Hajiya ta ce min ta ga hotonki kafin ta ga babban agogo."

Na matso kusa da wayar.

"Wannan ba ya cikin saƙon."

"Au, Yaya, kana nan? Ina kwana. Ai kyauta na ƙara. Kai ma ka ji kunya, ka sa mata uku aiki a ƙasa biyu saboda magana ɗaya. Sai anjima, ina da mutane."

Yarinyar ta ajiye wuƙar. Idonta ya kawo ruwa, amma bakinta dariya yake son yi.

"Baba, da gaske?"

"Kin ji abin da gwaggonki ta ce."

"Har da hoton?"

"Shayinki zai huce."

"Mama fa? Gwiwarta?"

"Ƙannenki na da ƙafa. In sun iya zuwa firij za su iya zuwa kasuwa."

Ta jawo kwamfutar ta goge takardar ta rubuta wata. Da ta gama sai ta juya kujerarta ta fuskanci bango, ta karanta da ƙarfi, wai bangon take karanta wa. Gajeriya ce: ta gode, ta amince, za ta zauna. Ta tambayi bangon ko akwai gyara. Na ce wa kofina babu. Ta tura.

A hanyar filin jirgi ta ce in karɓi tuƙin in ina so. Na ce a'a, ta iya. Wannan ma da gilashin gaba na yi maganar, amma ta ji, don na ga ta gyara zama. Awa biyu muna tafe a cikin alkama, na ba ta labarin kwalekwalen Wudil da akuyar da ta faɗa ruwa, ta yi ta tambaya kamar 'yar shekara bakwai. Wani wurin sai na fassara mata da Turanci.

A bakin ƙofar shiga ta rungume ni irin na yaran nan, a gaban jama'a. Na tsaya ƙiƙam da jaka a hannu, ban san inda zan sa ɗaya hannun ba. Na san in na koma ɗakin zai ci gaba da zama a rufe, kuma ni na sa hannu. Na ɗaga kai ina kallon allon da ke nuna lokacin jirage, na ce, "Allah ya yi albarka." Ban ce wa wa ba.

Ta ce, "Amin, Baba."